Kwamfuta Ba Ta San Iyaka Ba Sai An Gaya Mata

Na shafe shekaru ina koya wa matasa rubuta manhaja da harshen C, kuma akwai gaɓa guda da na ga tana karya gwiwar ɗalibai fiye da kowace. Ranar da aka ce su miƙa jeri ga fankshin, sannan su karanto bayanai daga waje, ranar ce wasu ke yanke hukuncin cewa kansu bai dace da fannin ba. A ganina sun zalunci kansu, domin an koya musu haddar umarni kafin a nuna musu abin da ke faruwa a cikin na'urar.

Jeri gurabe ne da aka jera a ma'adanar kwamfuta, tamkar shaguna a layi ɗaya na kasuwa. Fankshin kuwa ɗan aike ne, wato guntun umarni da ake ba aiki ya dawo da sakamako. Ɗalibi yakan zaci idan ya miƙa jerin makin mutum 10, ɗan aiken ya karɓi kayan gaba ɗaya. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya samar a Bell Labs ta Amurka a 1972, adireshin shagon farko kaɗai ake miƙawa. Ɗan aiken ya san inda layin ya fara, amma bai san inda ya ƙare ba.

Daga nan ruɗani ke tasowa. A yawancin kwamfutocin yau lamba guda tana cin bayit 4, don haka umarnin sizeof zai ce girman jerin 40 ne, a raba da 4 a sami 10. A cikin fankshin kuwa, adireshin zai auna, ya ba da 8, a raba da 4 a sami 2. Sai manhajar ta fitar da matsakaicin makin mutum biyu, ta ajiye takwas, ba tare da ta nuna wata alamar kuskure ba. Haka kuma duk abin da ɗan aiken ya sauya, a ainihin jerin ya sauya shi, tunda ba kwafi aka ba shi ba. Maganin bai da tsawo: a miƙa adireshi, a haɗa da adadi.

Karanto bayanai ma haka yake. Umarnin scanf yakan ɗauki lamba ya bar alamar sabon layi a baya, sai karatu na gaba ya tarar da ita ya dawo hannu rabbana. Shi kuwa tsohon umarnin gets, zuba rubutu yake yi ba ya tambayar girman mazubi, har ya malala cikin guraben maƙwabta.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan damuwar 'yan koyo ce kawai. Ɓarakar gets na cikin ƙofofin da tsutsar Morris ta bi ta durƙusar da dubban kwamfutoci a intanet a 1988, kuma sai a 2011 aka cire umarnin daga ƙa'idar harshen. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a manhajar tsaro ta OpenSSL, inda aka amince da tsawon da baƙo ya faɗa ba tare da an tantance ba, har ana iya kwasar sirrin jama'a daga ma'adana. Ƙwararru ne suka rubuta waɗannan, kuma ramin da ɗalibina ke faɗawa shi ne ya rufta da su.

Shi ya sa nake fara wannan darasi da allo da alli. Nakan zana akwatuna goma, in sa musu lamba daga 0 zuwa 9, in sa ɗalibi ya zama ɗan aiken, ya bi su da yatsa. Idan ya zarce na ƙarshe, nakan tambaye shi kayan wa yake taɓawa. Ko babu lantarki, darasin yana zama.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Yaran nan su ne gobe za su rubuta manhajojin da za su riƙe kuɗinmu a banki da bayanan lafiyarmu a asibiti. Wanda ya saba tun yau da tambayar "nawa ne, kuma ina iyakarsa?" shi ne zan iya ba amanar asusuna.