Na'ura Ma Tana Amsa Sallama

Bahaushe bai ɗauki amsa sallama da wasa ba. In ka yi sallama a ƙofar gida, ko maigida ba ya nan, sai an turo yaro ya gaya maka. Da na soma bincike a intanet saboda kundin digirina, sai na lura ashe kwamfutoci ma suna da irin wannan ladabi.

Duk sa'ad da ka nemi wani shafi, na'urarka tana aika tambaya ne ga babbar kwamfutar da ke ajiye da shi, watau saba. Ita kuwa kafin ta miƙo komai sai ta fara da lamba mai alƙaluma uku. In ta ce 200, buƙata ta biya. 301 na nufin shafin ya yi ƙaura, ga sabon adireshinsa. 404 ita ce an duba ba a gani ba, 403 kuwa an ji amma ba a yarje maka ba. Abin da ya fi burge ni shi ne rabon laifi. Lambar da ta fara da 4, matsalar daga mai tambaya take. Wadda ta fara da 5, kamar 500 da 503, saba ce ke cewa ita ta gaza. Tun 1996 wannan tsari yake rubuce cikin ƙa'idar HTTP/1.0.

To, amma lambar domin na'ura aka yi ta. Bayanin da ke biye da ita kuwa, mai shafin ne ke zaɓensa. Ranar da muka biya kuɗin rajista, farin shafi muka gani da 500 tsirara, ba mu san ko kuɗin sun shiga ba. Wani abokin karatuna ya sake biya, ya shafe makonni yana bin kuɗin abincinsa. Da an rubuta masa "kada ka sake biya, ka dawo anjima", da bai sha wannan wuya ba.

Babu kuma abin da ya hana a rubuta wannan jimla da Hausa, domin kuwa na'urar mutum tana iya shaida wa saba harshen da yake so, alamar namu kuwa ita ce "ha". Injiniyoyi sun yi nasu. Zaɓen kalmar da za ta kwantar da hankalin wanda ya ruɗe, wannan aikinmu ne, mu ɗaliban harshe.