Kalma ɗaya da jan biro ta hana ni barci

'Yan uwa da ke karatu a nan kudu, musamman masu rubuta furojet, ku ɗan ba ni aron hankalinku.

Makon jiya sufabaizata ta dawo min da babi na huɗu. A gefen wani jadawali ta ja layi da jan biro ta rubuta "anomalous". Wallahi gabana faɗuwa ya yi. A kaina kalmar ƙanwar "abnormal" ce, sai na ɗauka cewa take yi alƙalumana ba su da kai, ko ma tana zargin a ɗaki na zauna na ƙirƙiro su. Wata uku ina zirga-zirga kasuwa wajen masu albasa da tumatir ina cike takardun tambayoyi, ga kuɗin mota, ga rana.

Matsalar mutum ɗaya ce. Cinikinsa ya yi wa na sauran nisa sosai, har SPSS ta sa masa tauraro shi kaɗai can sama. Da dare na buɗe kwamfuta da niyyar goge shi, kowa ya huta. Abokin ɗakina ya ce, "Malam, ka duba ƙamus tukuna." Allah ya saka masa da alheri.

Ashe kalmomin nan da muke yi wa kuɗin goro kowace da inda ta dosa. "Anomalous" daga Girkanci take, asalinta abin da bai yi bai-ɗaya da sauran ba. Babu zagi a cikinta, cewa kawai take a sake dubawa. "Outlier" kuma shi ne wanda ya fita zakka a cikin alƙaluma. "Inconsistent" ita ce ya kamata ka ji tsoro, domin tufka da warwara ke nan: ka faɗi abu a shafi na 12, ka ƙaryata kanka a shafi na 40. "Erratic" na abin da ba shi da tabbas ne, yau sama gobe ƙasa, kamar wutar hostel ɗinmu.

Sai waɗanda ake jifan mutane da su. "Odd" ita ce dai ta lissafi, wato wutiri, wanda ya rage ba shi da abokin haɗi. "Eccentric" asalinta wanda ya kauce daga tsakiya, kuma galibi da ɗan murmushi ake faɗinta, kamar lakcaran da kullum riga iri ɗaya yake sawa. "Weird" a tsohon Turanci ƙaddara take nufi, yau kuwa ta koma abin da muke cewa "wani iri" ko bambarakwai. "Deviant" ta fi su nauyi, wanda ya saki hanya ke nan, kada ka kuskura ka kira mutum da ita da sunan yabo. Wadda ta fi burge ni ita ce "peculiar". Tushenta na Latin yana nufin dukiyar da mutum ya keɓanta da ita, kuma kalmar ta samo asali ne daga dabbobin kiwo. Shi ya sa in an ce abu "peculiar to" Kano ne, ana nufin na Kano ne kaɗai.

Washegari na je ofis a ɗarare. Na ce, "Ma, in cire shi ne?" Ta ɗago ta dube ni ta ce in na cire shi ba tare da dalili ba, nan ne zan yi laifin da nake tsoron ana zargina da shi. Ta ce in koma in tambaye shi.

Na koma. Ashe bawan Allahn dillali ne, a mota ake sauke masa kaya daga arewa, shi ke raba wa sauran da na yi hira da su. Ni na sa shi layi ɗaya da masu kasa tumatir a faranti. Kuskuren nawa ne, kuma gyaransa ya ba ni sashe guda a babi na biyar da ban taɓa tunaninsa ba.

Abin ya tsaya min a rai ta wani ɓangaren. Shekarata ta farko a nan, wani ɗan ajinmu ya ce ni "peculiar" ne, don ina fita daga taron tattaunawa in an kira salla, kuma ba na zuwa fati. Na ƙullace shi har ƙarshen zango, ko gaisuwarsa da ƙyar nake amsawa. Wataƙila da baƙar magana ya faɗa, domin kalmar tana ɗaukar wannan ma'anar ma. Wataƙila kuma a'a. Ban tambaye shi ba, ni na mai da kaina saniyar ware.

Don haka in malami ya rubuta maka kalmar da ta sosa maka rai, duba ta a ƙamus kafin ka yi fushi, in ba ta fito ba ka je ka tambaya. Jiya na ga ɗan ajin namu a laburare, na riga shi miƙa hannu.