Zakaran duniya mai riƙe allura

1/ Jama'a, yau ba siyasa. Kan wani wasa zan yi magana, wanda filayensa a duk duniya ba su wuce 50 da ɗoriya ba. Turawan Ingila na ce masa real tennis, wato tanis na asali. Faransawa kuma jeu de paume, wasan tafin hannu, don da hannu aka fara buga shi kafin raket. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama.

2/ Tanis ɗin da muke kallo a Wimbledon jikansa ne, sai a shekarun 1870 aka ƙirƙiro shi. Shi kakan a cikin gini ake yin sa. Ƙwallo ta bugi bango, ta gangaro ta kan wani rufi mai gangara, duk halal ne. Filin fadar Falkland a Sikotland tun 1539 yake nan, har yau ana wasa a ciki.

3/ Gasar duniyarsa ta faro ne wajajen 1740, da wani Bafaranshe mai suna Clergé. A ɓangaren maza, zakara ba ya shiga layi. Zama yake yi, sauran su fafata, wanda ya fito ya zo ya same shi. Kwana 3 ake yi, wanda ya riga cin zagaye 7 ya ɗauki kambu.

4/ Pierre Etchebaster, mutumin yankin Basko na Faransa, ya riƙe kambun daga 1928 zuwa 1954. Shekara 26! Ba wanda ya ƙwace masa. Da kansa ya ajiye, yana da shekara 60.

5/ Sai Rob Fahey na Ostireliya. Ya hau a 1994, bai sauka ba sai 2016, da Camden Riviere na Amurka ya kayar da shi a Newport. Riviere an haife shi a 1987, Fahey a 1968. Kowa ya ce shikenan, zamani ya juya.

6/ Ina! A 2018 Fahey ya dawo Queen's Club da ke Landan, yana dab da cika 50, ya karɓe abinsa. Sai a 2022 Riviere ya sake amshewa. Matarsa kuwa, Claire Fahey, ta zama zakarar mata tun 2011. Gida ɗaya, kambu biyu.

7/ Yaya ɗan shekara 50 zai doke saurayi a wasan guje-guje? Sirrin na cikin dokar. A nan ƙwallo ta dira sau biyu, sau da yawa ba ka faɗi ba tukuna. Alama ake yi wa wurin, ya zama bashi. In kun canja gefe, sai mai neman makin ya yi bugun da ya fi wancan kyau, ko ya rasa.

8/ Kun ga kenan akwai ƙwallon da gwani ke bari ta wuce da gangan, don ya san bashin mai sauƙin biya ne. Yaro zai bi kowace da gudu. Dattijo ya san wacce za a bi, wacce za a ƙyale.

9/ Ga abin da ya kama ni ni kam. Ƙwallon da hannu ake yin ta: a naɗe cikinta da tsumma, a ɗaure tam da zare, a ɗinke mata riga da allura. Kuma ƙwararrun 'yan wasan da ke aiki a kulob su ke wannan ɗinki. Mutumin da kake kallo a wasan ƙarshe, allura na cikin sana'arsa.

10/ Ni tela ne, shekarata 47. Yanzu sai da tabarau nake zura zare. Yaran da na koya wa aiki sun sayi keken surfani mai kwamfuta, abin da nake yi a kwana 4 su gama kafin la'asar. Wasu kwastomomina sun koma can, kuma ban ga laifinsu ba. Amma wallahi akwai daren da nake lissafin ko in rufe shago.

11/ Shi ya sa nake zama in kalli wasannin nan a YouTube, 'yan kallo tsiraru, ba ihu, ba tallan duniya. Ina kallon mutum ya ƙi bin ƙwallo, kuma ya ci. A sauri ba zan kamo yaran nan ba, na sani. Amma in aka kawo shadda mai tsada za a yanka wa mai ƙiba ko mai doro, har yanzu ni suke kira a waya.

12/ Don haka na rage karɓar aikin gaggawa na sallah, na bar musu. Na riƙe yanka da gyaran abin da ya lalace a hannun wasu. Kuɗin bai kai na da ba, amma ana ci ana sha.

13/ Fahey ma dai daga ƙarshe ya sauka, yana da 54. Kowa zai sauka. Sai dai shekara 6 ke tsakanin ranar da aka ce ya ƙare da ranar da ya ƙare ɗin. Masu sana'ar hannu da suka haura 40, ku faɗa min a ƙasa: wane aiki kuka bar wa yara, wanne kuka riƙe?