Tafidan Katsina da masu cewa "gara soja"

Daga rumfunan hatsi na kasuwar Dandume har majalisun dare a Malumfashi, maganar da ke yawan fita bakin mutane yanzu ita ce "gara soja su dawo". Ban ga laifin mai faɗa ba. Wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Faskari ko Sabuwa, wanda ke sayar da buhunan masara don ya sayi taki, wanda bai manta da ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020 ba, dole ya gaji. Tun da sojojin Nijar suka kifar da Bazoum a Yulin 2023 maganar ta ƙara ƙarfi. To amma 'yan uwa, kafin mu ɗaga hannu mu roƙi abin da muke roƙo, mu tsaya mu dubi rayuwar Tafidan Katsina, Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa. Da shi aka kafa mulkin soja, da shi aka riƙe, da shi aka miƙa, kuma mulkin sojan ne ya ci shi.

An haife shi a Katsina ran 5 ga Maris 1943. Mahaifinsa, Mutawallen Katsina Musa 'Yar'aduwa, shi ne ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko. Ya shiga soja a 1962, ya yi horo a Sandhurst da ke Ingila, ya yi yaƙin basasa a runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala, yana cikin waɗanda suka sha wuyar kama Onica. A Yulin 1975 yana cikin matasan hafsoshin da suka kawar da Gowon, aka ba shi kwamishinan sufuri na tarayya a lokacin da jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas. Da Dimka da mutanensa suka kashe Murtala ran 13 ga Fabrairun 1976, sai aka ɗaga Shehu daga laftanar kanar zuwa birgediya, ya zama na biyu a ƙasa bayan Obasanjo, bai cika shekara 33 ba.

A nan labarinsa ya shigo gonakinmu. Ofishinsa ne ya riƙe shirin ciyar da ƙasa na OFN da aka ƙaddamar a 1976: taki mai rangwame, iri, bashi ga manoma. Shirin ya tarar da aikin gona na Bankin Duniya da aka fara a Funtua a 1975, tare da na Gusau da Gombe. Dattawanmu na Bakori da Ɗanja da Ƙafur sun san abin da shekarun nan suka kawo: hanyoyin karkara, cibiyoyin sayar da taki, da masara da ta tashi daga bayan gida ta zauna kafaɗa da kafaɗa da auduga da dawa. Wannan alheri ne, ba mai musu. Amma gwamnatin da ke da bindiga da kuɗin mai, ba majalisa, ba 'yan adawa, ta sauka a 1979 Nijeriya na ƙara shigo da shinkafa da alkama daga waje. Umarni ya kwashe jirage daga tashar Legas, amma bai ciyar da ƙasa ba. Takin gwamnati kuma ya fi saurin isa hannun mai hanya fiye da hannun mai fartanya, ciwon da har yau muke fama da shi.

Shi ne kuma ya jagoranci gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya karɓe mulki daga hannun En'e. Ɗan gidan sarauta ne ya yi wannan aiki, abin ya cancanci a tuna.

Ran 1 ga Oktoba 1979 suka miƙa wa Shagari mulki, Shehu ya tuɓe kaki yana da shekara 36. Ya shiga kasuwanci da noma, ya kafa gonar Sambo Farms a Funtua, inda ƙanensa Umaru ya riƙe muƙamin babban manaja daga 1983 zuwa 1989. Wato shugaban ƙasar da muka yi a 2007 ya yi shekaru yana lissafin damina a ƙasarmu ta Karaɗuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya koma neman mulki. Mutumin da ya san hanyar barikin soja, ya san yadda ake kama gidan rediyo da asuba, sai ya zaɓi doguwar hanya. Ya kafa ƙungiyar PF wadda ta narke cikin SDP, ya tara mutane irin su Atiku Abubakar da Babagana Kingibe da Bola Tinubu da Rabi'u Kwankwaso, ya bi ƙasar nan lungu-lungu yana roƙon ƙuri'a. A zaɓen fid da gwani na 1992 shi ke kan gaba, har a ƙasar Yarabawa. An yi ƙorafin kuɗi sun yi aiki, kuma ba zan wanke siyasar lokacin ba. Babangida ya soke zaɓen ya haramta wa 'yan takarar sake tsayawa, Shehu bai koma ga bindiga ba. A taron tsarin mulki na 1994 mutanensa suka tsaya kai da fata har aka tsai da Janairun 1996 a matsayin lokacin da soja za su tafi.

Ku da kuke cewa gara soja, ku auna wannan da kyau. Mutumin da ya taɓa zama na biyu a ƙasa, janar, Tafidan Katsina, mai dukiya da jama'a kudu da arewa, da mulkin soja ya juyo kansa bai sami kotun da za ta saurare shi a fili ba. Ina manomin Sabuwa zai kai kukansa ranar da ya juyo kansa? Muguntar 'yan siyasarmu gaskiya ce, amma ko yau kana iya tsayawa a bakin kasuwar Funtua ka kira sunan gwamna ka faɗi laifinsa.

A Maris 1995 gwamnatin Abacha ta kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, aka haɗa da Obasanjo. Kotun soja ta zauna a asirce ta yanke masa hukuncin kisa, sai da duniya ta yi ca aka mayar da hukuncin zuwa ɗauri. Ya rasu yana tsare a hannun gidan yarin Abakaliki ran 8 ga Disamba 1997, yana da shekara 54, aka kawo gawarsa Katsina. Allah ya jiƙan Tafida, ya gafarta masa.