Odishar da Na Sani

Idan bazara ta tsananta har tuwo ya gagara haɗiyuwa, pakhala nake marmari. Dafaffiyar shinkafa ce da ake jiƙawa a ruwa ta kwana ta yi ɗan tsami, a zuba mata nono da gishiri, a ci da soyayyen ganye ko kifi. Abincin kowa ne a Odisha, jihar da ke gabashin Indiya a bakin Tekun Bengal, inda na yi karatu ina saurayi. Da na sauka a Bhubaneswar, Orissa ake rubuta sunan jihar, ina can aka sauya shi a 2011. Kamar kowane ɗan Arewa, Indiyar finafinai na tashi da ita. Can kuwa na tarar da wani harshe, Odiya, da rubutunsa mai kewaye-kewaye, da mutane masu sanyin hali waɗanda ba sa gaggawar komai.

Birnin haikalai ake yi wa Bhubaneswar laƙabi, kuma sunan ya dace. Babbansu shi ne Lingaraja na ƙarni na 11, mai hasumiyar da ta kai wajen mita 55. Wanda ba Hindu ba ba ya shiga, ni ma da nake Musulmi ba ni da wata buƙata a ciki. Akwai dandamali a gefen katanga da baƙi ke hawa su hango, kuma daga nan aikin magina nake kallo.

Konark kuwa kowa na shiga, don an daɗe da daina bauta a cikinsa. Sarki Narasimhadeva na Ɗaya ya gina shi wajen 1250 da siffar keken doki na ubangijin rana a addininsu: ƙafafu 24 na dutse, kowace ta fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, da dawaki 7 suna jansa. Babbar hasumiyar ta rushe tuntuni, amma abin da ya rage ya isa ya hana mutum magana. Babu tafin hannu guda na bango da aka bari ba sassaƙa: makaɗa, 'yan rawa, giwaye, mafarauta, mace na gyaran gashi. A wani ɓangare akwai dabba mai dogon wuya da aka kawo gaban sarki, wadda masana da yawa ke cewa raƙumin dawa ce. Na daɗe tsaye a gabanta, ɗan Afirka yana kallon dabbar Afirka da wani magini ya sassaƙa ƙarnuka bakwai da suka wuce. UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya a 1984.

A Puri, lokacin bikin Rath Yatra na farkon damina, ana jan manyan kekuna uku na katako da igiya zuwa haikalin Gundicha, tafiyar kusan kilomita 3, bayan sarkin Puri da kansa ya share su da tsintsiya mai mariƙin zinariya. Ni na fi son zuwa kafin bikin, lokacin da kafintoci ke zaune a bakin titi suna fafe katako. Kowace shekara sababbi ake ƙerawa, kuma aikin gado ne, ɗa na koyo a gefen ubansa.

Amma inda zuciyata ta zauna shi ne Raghurajpur, ƙauyen masu zane kusa da Puri, gidaje layi biyu suna fuskantar juna a tsakiyar itatuwan kwakwa. Wani dattijo ya saba da ni har yakan shimfiɗa mini tabarma ba tare da ya nuna mini abin sayarwa ba. A wurinsa na ga yadda ake zanen pattachitra. Ana manna ƙyalle kan ƙyalle da ƙullun ƙwallon tsamiya, a shafe da alli, a goge da dutse har ya yi santsi. Farin launi daga dakakken ƙoƙon dodon-koɗin teku yake fitowa, baƙi daga hayaƙin fitila, ja da rawaya daga duwatsu. Matarsa ke haɗa launukan, jikarsa na cike gefe, shi kuma yana jan layi siriri da hannun da ba ya rawa. Zamansa ya tuna mini da marinan Ƙofar Mata, masu sana'ar da ta girmi kakanninsu. A ƙauyen nan aka haifi Kelucharan Mohapatra, gwanin da ya taimaka wajen farfaɗo da rawar Odissi. Da guguwar Fani ta afka wa Puri a watan Mayun 2019, ruwa ya lalata zane-zane masu yawa a ƙauyen. Ina gida na ji labari, dattijon nan ne ya fara faɗo mini a rai.

Kashi ɗaya cikin biyar na mutanen jihar, har da ɗoriya, 'yan ƙabilun asali ne da ake kira Adivasi, ƙabilu sama da 60. A baje-kolinsu na shekara-shekara a Bhubaneswar na fara ganin zanen Saora, ƙananan mutane farare da ake yi da ƙullun shinkafa a kan jan bango, da matan Dongria Kondh masu zobba uku a hanci da mayafin da suka yi wa ado da allura. Raina yakan ɓaci idan na ga masu yawon buɗe ido na cusa musu kyamara a fuska ba ko gaisuwa. Dongria Kondh ɗin nan ne suka tsaya kan tsaunukan Niyamgiri, da suke ɗauka wuri mai tsarki, lokacin da aka so haƙo ma'adinin bauxite a can. A 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta ce a tambayi tarukan ƙauyuka, aka tambayi 12, duka suka ce a'a.

Abokin ɗakina ɗan ƙabilar Santal ne daga gundumar Mayurbhanj. Shi ya koya mini rubuta sunana da Ol Chiki, baƙaƙen da Raghunath Murmu ya ƙirƙira wa harshensu a 1925. A makaranta ba ya yawan faɗin asalinsa, don akwai masu raini. A 2022, ranar da aka rantsar da Droupadi Murmu, 'yar ƙabilarsu kuma 'yar gundumarsu, a matsayin shugabar ƙasar Indiya, ya kira ni a waya. “Ɗan'uwa, kana kallo kuwa?” in ji shi. Muna cikin magana ina jin gangunan ƙauyensu, har sai da ya koma ɗaki ya rufe ƙofa kafin mu iya jin juna.