Farin Haƙori Ba Ya Son Gaggawa

Tunda na fara rubuta littattafai, in aka cire maganar soyayya, babu tambayar da ta fi yawa a saƙonninku kamar wannan: "Anti, don Allah me zan goga haƙorana su yi fari tas cikin sati ɗaya?" Wata ma cewa ta yi so take nata su koma irin na tauraruwar littafina, wadda in ta yi murmushi sai ɗaki ya haske. To ƙanwata, waccan da biro na wanke mata haƙora. Ke kuwa naki na Allah ne, guda 32 in sun gama fitowa, kuma wanda ya tafi ya tafi kenan.

Duk mun san haɗin da ake yi a gida. Wata ta daka gawayi ta zuba gishiri. Wata ta matse lemun tsami a kan toka ko kanwa. Wata ta kwaɓa bekin soda da lemun tsami ta dirje har sai dasashi ya yi jini. Kuma gaskiya in kin duba madubi a ranar za ki ga haske, shi ya sa in an hana yarinya sai ta ga kamar baƙin ciki ake yi mata. Amma tsaya ki ji abin da ke faruwa a bakin naki.

Haƙori hawa-hawa ne. Na waje wani ɓawo ne fari mai sheƙi, wanda ya fi ƙashi ƙarfi, duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ruwan ɗorawa-ɗorawa, can ciki kuma jijiya. Abin tsoron shi ne, fata in ta yanke tana warkewa, ƙashi in ya karye yana ɗoruwa, amma ɓawon haƙori in ya cinye ba ya tsirowa har abada. Tsamin lemo yana tausasa shi, sai gawayi ko toka su zo su kankare. Kullum ɓawon na ƙara siranta, ɗorawar da ke ƙasa na ƙara lekowa. Kin ga an je neman ƙiba an samo rama. A shekarar 2017 ma mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta bi diddigin binciken da aka yi a kan goge baki da gawayi, ba ta sami gamsasshiyar hujjar cewa yana da amfani ko ba ya cutarwa ba.

Lokacin da muke makarantar kwana akwai wata 'yar ɗakinmu, kyakkyawa ce ga wushirya, an sa mata rana da mun gama jarrabawa. Wata uku ta ɗauka kullum safe da dare tana dirzar lemun tsami da kanwa. Ranar kamu ana ta raba lemo mai sanyi, amarya ko kurɓa ɗaya ta kasa, don da ya taɓa haƙoranta sai ta ji har tsakiyar kai. Ta ce da ni, "Wallahi ko iska ce ta shiga bakina sai na ji kamar an soka min allura." Har yanzu in na je gidanta sai ta ajiye ruwa ya huce sanyi kafin ta sha. Farin da ta nema kuwa bai ko kai ta ɗakin miji ba.

Sannan ba kowane datti ne na sama ba. Na goro, shayi, kofi da taba a saman haƙori yake zama, shi yana fita da wanki. Amma akwai wanda tun haƙorin yana cikin dasashi ya shige shi. Misali in yaro ya tashi yana shan ruwan da sinadarin fuloraid ya yi wa yawa, sai haƙoransa su fito da dabbare-dabbaren fari ko ruwan ƙasa. An san wannan a yankin Langtang ta Jihar Filato, haka nan a Tibiri kusa da Maraɗi, inda a shekarun 1990 ruwan famfo ya taɓa haƙora har da ƙasusuwan yara masu yawa. Haka kuma kafson nan na tetarasaikilin, in mai ciki ta sha ko aka ɗura wa yaron da bai kai shekara 8 ba, yana iya rina haƙora. Irin wannan ko shekara za ki yi kina gurza ba zai fita ba, sai dai likita ya duba. Don haka ku daina yi wa ƙawayenku gorin ƙazanta, ba laifinsu ba ne.

To me za a yi? Ki riƙe buroshi mai laushi da makilin mai fuloraid, don ɗan kaɗan da ke cikinsa ƙarfafa ɓawo yake yi, tofarwa ake yi ba haɗiyewa ba. Sau 2 a rana, minti 2 kowane lokaci, kuma kar ki yarda ki kwanta ba ki goge ba. Duk wata 3 ki canza buroshi. Ki riƙe aswaki, ga ladan sunna ga tsafta, amma a hankali ba da ƙarfin tuwo ba. In kin sha shayi ki kurkure baki da ruwa. In kin sha tsamiya, zoɓo ko lemon kwalba, ki kurkure ki jira kamar rabin awa kafin ki sa buroshi, don a lokacin ɓawon ya yi laushi. Ruwan bilicin wanki kuwa ko da wasa kar ya kusanci bakinki, guba ne. In biki ya matso, maimakon kuɗin wani anko, ki roƙi Umma ta raka ki asibitin haƙori a yi miki wanki, su cire dattin da ya daskare wanda buroshi ba ya iya ɗauka.

Ku tuna, kakanninmu da furen taba da goro suke rina haƙora su yi jawur, kuma a zamaninsu ita ce kwalliyar da samari ke rububi. Yayi wucewa yake yi, amma da haƙoran nan za ki ci tuwo har tsufa. Ba kowa Allah Ya ba fari fat ba, wata nata ruwan madara ne, kuma lafiyarsu ƙalau. Saurayin da zai fasa don haƙoranki ba su kai takarda fari ba, dama can ba aure ya kawo shi ba. Baki mai tsafta, marar wari, mai daɗin magana, shi ke riƙe gida.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba 'yan matanmu mazaje nagari, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.