Ziyara Zuwa Ada, Inda Kogin Bolta Ya Shiga Teku

Mu mutanen zango a Ankara muna zaune kusa da teku, amma da yawanmu ba su taɓa shiga jirgin ruwa ba. Ruwan da muka fi sani shi ne babbar gotar Nima, sai kuma tafkin Korle da ke yamma da Kasuwar Makola, wanda warinsa ke riga ganinsa. Shi ya sa wasu suke zaton haka kowane tafkin bakin teku yake. To, jama'a, gani ya kori ji. Duk mai hali ya je Ada.

Ada Foah tana gabas da Ankara, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai. Mu takwas ne muka haɗa kuɗi, muka shiga mota a Tudu bayan sallar asuba. An bi ta Tema, aka miƙe hanyar Aflao, a Kasseh aka karya dama. Da hantsi mun iso bakin ruwa.

A nan ne kogin Bolta yake ƙare tafiyarsa. Kafin ya shiga teku sai ya baje, ya rarrabu tsakanin tsibirai masu itatuwan kwakwa. Wani siririn yashi ne ya raba shi da teku. Idan mutum ya tsaya a kai, a hannu ɗaya igiyar ruwa na ruri, a ɗaya hannun ruwa kwance lumui kamar a cikin kwarya.

Mun yi ciniki da mai kwalekwale, muka ce sai da rigar ceto ga kowa, ya kawo. Da muka fita tsakiya ya kashe inji, ya ɗaga ƙyalle a jikin sanda, iska ta ɗauke mu. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai kukan tsuntsaye da muryoyin masunta daga nesa. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya shekara talatin yana sayar da yadi a Makola, ya ce rabonsa da jin shiru irin wannan har ya manta.

Kusa da wani tsibiri, inda ruwan bai wuce ƙirji ba, samarinmu suka sa tabarau na ruwa, suka kama bututun numfashi a baki, suka kifa fuska. Lokacin da teku ke cikowa ruwan yakan yi haske, ana ganin ƙananan kifaye da ƙaguwa suna yawo a kan yashi. Mu wasa muke yi, amma da aka ƙara gaba cikin kogi mun tarar da waɗanda nutso ne abincinsu. Su ne masu tsintar adode, naman ƙumbar nan da ake soyawa a soka a tsinke a sayar wa matafiya a Sogakope. Wasu da numfashinsu kawai suke nutsewa, wasu kuma da dogon tiyo da inji ke hura wa iska daga cikin jirgi. Ɓawon ma ba a zubarwa, ana sayar da shi don abincin kaji da aikin gini.

Wannan ruwa ba baƙo ba ne a tarihinmu. Yamma da Ada akwai tafkin Songor, inda ake kwasar gishiri tun kaka da kakanni. A da, jirage ke haurawa da gishirin ta kogin Bolta zuwa Kete Krachi da kasuwar Salaga, inda fataken Hausa suke zuwa sayen goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, 'yan kasuwa da malamai da yawa suka koma Kete Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, mutumin Kano, wanda ya zama limamin garin, ya rasu a can a 1934. Ke nan hanyar da muka bi don shan iska, ƙarshen hanyar cinikin kakanninmu ce.

Amma kogin ya canza. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ambaliyar shekara-shekara ta tsaya. Tsohon garin Kete Krachi ya nutse a cikin tafki. A ƙasan kogi ciyawa ta yawaita, ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da cutar tsargiya suka samu wurin zama, adode ya ragu. Yashin da kogi ke kaiwa gaɓa shi ma ya ragu, wannan na cikin dalilan da teku ta ci gidaje a ƙauyuka irin su Totope. Saboda haka mai zuwa ya kiyaye: kada yara su yi wanka inda ciyawa take, kuma kada kowa ya yi iyo a bakin mashigar teku, ruwan wurin yana da ja ƙwarai.

Duk da haka Ada tana da rai. An sa Songor cikin wuraren Ramsar da ake karewa a 1992, kunkurun teku kuma suna fitowa su yi ƙwai a gaɓar. Korle ma tafkin masunta ne a da, mutanen Ga suna girmama shi. Abin da ya kashe shi ba daga sama ya faɗo ba. Ledar da aka jefa a gotar Nima ko Maamobi tana bin ruwa zuwa Odaw, daga Odaw sai Korle. Idan hanyar ta toshe, ruwan kanmu yake dawowa, kamar yadda aka gani ranar 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya da gobara suka hallaka mutane kimanin 150 a Circle.

Shawarata ga ƙungiyoyin matasa da malaman makaranta ita ce su riƙa kai yara Ada, ko sau ɗaya a shekara. Yaron da ya leƙa ƙarƙashin ruwa ya ga kifi da idonsa, zai yi tunani kafin ya juye shara a gota. Allah ya sa mu gane, amin.